Majami'ar da Ta Zama Gida: Labari daga Kwarin Tees

 Yau tafiyar da nisa. Za mu leƙa arewacin Ingila, wani kwari mai sanyi da ake kira Teesdale a gundumar Durham, inda kogin Tees yake gangarowa daga tsaunukan Pennine. Ƙasar tumaki ce da duwatsu, gidajen manoma a warwatse, an shafe su da farar ƙasa, ana hango su tun daga nesa. Can sama, kusa da High Force, inda kogin yake zubowa daga kan dutse da ƙara, akwai ƙauyen Forest-in-Teesdale. A gefen tudu a ƙauyen nan akwai wani ɗan gini na dutse mai dogayen tagogi masu tsini. A 1880 aka gina shi, majami'ar mabiya ɗarikar Methodist ce, sunanta Ebenezer. Yau babu mai sujada a cikinta. Tun 2015 gida ce, da falo da kicin da ɗakunan kwana.

Irin wannan gini dubbai ne a Birtaniya. Duk wanda ya bi ƙauyukan Cornwall ko Yorkshire ko Durham zai riƙa cin karo da su: gida mai labule a taga da mota a ƙofa, amma a goshin bango an sassaƙa shekara da suna irin su Bethel ko Zion ko Salem. Abin da nake so mu duba tare shi ne, idan ɗakin ibada ya koma gidan kwana, mene ne ya tsira, mene ne kuma ya tafi ke nan har abada. Kafin a amsa wannan, sai an san waɗanda suka yi ginin da abin da ya sa suka yi shi a wannan siffa.

Wanda ya kafa tafarkin Methodist shi ne John Wesley, ɗan limamin coci, an haife shi a Epworth a 1703, ya rasu a Landan a 1791. Shi kansa limami ne a Cocin Ingila, wato cocin gwamnati, kuma har ya bar duniya bai fita daga cikinsa ba. Abin da ya bambanta shi da sauran limamai shi ne inda yake kai wa'azinsa. A zamanin ne masana'antu da ramukan haƙar ma'adinai suka fara jan talakawa zuwa wuraren da babu coci a kusa, ko kuma akwai, amma leburan da ya fito daga rami ba shi da mazauni a ciki. Limamai da yawa sun hana Wesley mumbarinsu. A watan Afrilun 1739, bisa shawarar abokinsa George Whitefield, ya tsaya a fili a gefen garin Bristol ya yi wa mutum wajen 3,000 wa'azi. Tun daga ranar bai sake zama wuri ɗaya ba. An ƙiyasta ya yi tafiyar mil 250,000, yawanci a kan doki, ya yi wa'azi wajen sau 40,000.

To amma Ingila ƙasar ruwan sama ce da iska, dole a nemi rufi. A cikin 1739 ɗin aka aza harsashin ɗakinsu na farko a Bristol, wanda ake kira New Room, aka faɗaɗa shi a 1748. Yana nan har gobe, kuma babu ginin Methodist da ya girme shi a duniya. Ginin ya bar su da bashi. A 1742 wani daga cikinsu, Kyaftin Foy, ya kawo shawarar a kasa jama'a rukuni-rukuni, mutum kamar 12 a kowane rukuni, kowa ya riƙa ba da kwabo ɗaya a mako, shugaban rukuni ya cika wa wanda ya kasa. Ku riƙe wannan kwabon a zuci, masu sauraro, domin da irin wannan karo-karo aka gina yawancin majami'un da muke magana a kai. Cocin gwamnati yana da filaye da kuɗin shiga tun na ƙarnoni. Majami'ar ƙauye kuwa, mahaƙa da masaƙa da masunta da 'yan ƙwadagon gona ne suka tara mata kuɗi, wani ya ba da ɗan fili, wani ya ara keken doki a ɗebo dutse, wasu suka yi aikin gayya bayan an tashi daga aiki.

Wesley mutum ne mai son tsari, har yadda za a yi gini sai da ya shimfiɗa wa mabiyansa ƙa'ida. Ya ce a yi ɗaki mai tsabta marar ƙawa, kada a kashe kuɗin da ya wuce larura. Dalilinsa kuwa abin a jinjina ne: idan gini ya yi tsada, dole a dogara ga masu kuɗi, idan kuma aka dogara gare su, su za su riƙa juya al'amura. Ya so maza su zauna gefe, mata gefe, a kan benci marar majingina. Ya so tagogi masu buɗewa domin iska. Bayan ya ga wata majami'a mai kusurwa takwas a Norwich, wadda aka gama a 1756, sai siffar ta kwanta masa, ya ce ita ta fi dacewa da murya. An gina irinta wajen 14, wasu suna nan tsaye, kamar ta Yarm da ta Heptonstall, duka na shekarun 1760. Amma kusurwa takwas tana da wuyar rufi, tana da wuyar faɗaɗawa, saboda haka yawancin magina suka koma ga ɗaki mai kusurwa huɗu.

Murya ita ce asalin komai a ginin nan. Tsohon cocin Ingila dogo ne siriri, ido yana tafiya har can ƙurya inda bagadi yake. Majami'ar Methodist kuwa don kunne aka yi ta, a ji mai wa'azi, a kuma ji juna idan an ɗauki waƙa. Kada ku manta ƙanen John, wato Charles Wesley, ya rubuta waƙoƙin yabo fiye da 6,000, kuma mutanen nan da waƙa aka san su.

Bari in shigar da ku cikin irin majami'ar tsakiyar ƙarni na 19, wadda ba a taɓa ba. Kuna tura ƙofa, za ku tarar da ɗan zaure mai duhu, matakala ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Kuna wuce ƙofa ta biyu sai haske ya mamaye ku, domin gilashin tagogin fari ne, ba mai launi ba. Gabanku, tsakiyar bango, mumbari ne a ɗage, ana hawansa da matakala. Teburin jibin Ubangiji ɗan ƙarami ne, yana ƙarƙashinsa. Kujerun katako ne a jere, kowane layi da 'yar ƙofarsa da lamba a jiki, an shafe su da man goge katako har sun yi ja. A bango akwai ƙusoshin rataye hula. Ku ɗaga kai: wani bene ne ya kewaye ɗakin ta gefe uku, buɗaɗɗe, kujerunsa hawa-hawa, yana zaune a kan siraran ginshiƙan ƙarfe. An zaɓi ƙarfe ne domin siririn ginshiƙi ba ya tare wa kowa ganin mai wa'azi. A gaban benen, daidai saitin mumbari, agogo ne, jama'a sun ba shi baya, mai wa'azi ne yake kallonsa. Ɗaki ɗaya ne tak, daga daɓe har silin, kuma duk inda mutum ya zauna yana ganin fuskar maƙwabcinsa. Wannan sararin shi ne majami'ar. Bangon waje sutura ce kawai.

Lambobin da ke jikin kujerun nan suna da labari. Tsoron Wesley ya tabbata bayan ransa. Domin biyan bashin gini, aka fara ba da hayar kujeru, mai shago da mai masaƙa su kama layi mai kyau da sunansu, talaka ya zauna a bencin kyauta can gefe. Da ɗarikar ta yi arziki a birane, sai ta fara son ado. A 1850 wani fastonsu da ya koyi zanen gini, Frederick Jobson, ya fitar da littafi yana kira da a koma ga salon tsofaffin coci-coci mai tagogi masu tsini da dogon rufi. Salon ya bazu har ƙauye. Tagogin Ebenezer na Forest-in-Teesdale daga nan suka samo asali, magini na karkara ya ɗauki abin da ya gani a birni ya rage shi daidai aljihun jama'arsa.





Su wane ne jama'ar kwarin Tees? Mahaƙan darma ne, waɗanda kuma suke ɗan kiwo a gefe. Da yawansu sukan kwana a ɗakunan haɗaka kusa da rami duk mako, cikin cunkoso da rigunan da ba sa bushewa, sai ƙarshen mako su gangaro gida. Ƙurar rami tana cin huhu, da wuya mahaƙi ya tsufa. Irin waɗannan mutane ne suka karɓi wa'azin Wesley hannu biyu. A ƙauyen Newbiggin, ƙasa kaɗan da Forest, suka fara gina majami'a a 1759, a kwarin Wear da ke maƙwabtaka kuma aka gina ta High House a 1760, kuma Wesley da kansa ya yi wa'azi a dukkansu. A cikin irin waɗannan ɗakuna mahaƙi ya koyi karatu a makarantar Lahadi, ya koyi riƙe littafin kuɗi, ya koyi tsayawa gaban jama'a ya yi magana. Fasto ɗaya yakan kula da majami'u da yawa a da'ira guda, saboda haka yawancin Lahadi ɗan gari ne yake hawa mumbari, mutumin da jiya yake riƙe da diga. Daga wannan makaranta shugabannin ƙwadago da yawa suka fito. A can kudu, a ƙauyen Tolpuddle, 'yan ƙwadagon gona shida da aka yanke wa hukuncin kora zuwa Ostareliya a 1834 saboda kafa ƙungiya, jagoransu George Loveless mai wa'azin Methodist ne.

Ku lura da shekarar da aka gina Ebenezer, 1880. Daidai lokacin ne farashin darma ya faɗi warwas, domin ta Sifaniya mai araha ta cika kasuwa. Ramuka suka fara rufewa, samari suka tafi haƙar kwal ko suka haye teku. Babban kamfanin darma mai hedikwata a Middleton-in-Teesdale ya naɗe tabarmarsa a 1905. Wato tun ana aza dutsen majami'ar, jama'ar da za su cika ta sun fara watsewa. Haka abin ya faru a Cornwall, inda aka gina majami'u fiye da 900, yawancinsu na Methodist. Kasuwar jan ƙarfe ta rushe a 1866, mahaƙa suka bazu duniya, ramin kuza na ƙarshe, South Crofty, ya rufe a 1998.

Akwai dalili na biyu da ya sa majami'un suka yi yawa fiye da masu zuwa, shi ne rarrabuwar kai. Bayan rasuwar Wesley, ɗarikar ta rabu da Cocin Ingila a 1795, sannan ita ma ta dare gida-gida: wani ɓangare ya ɓalle a 1797, ɓangaren Hugh Bourne da William Clowes ya tsaya da ƙafarsa a 1811, na William O'Bryan a Devon da Cornwall a 1815, wata babbar rigima kuma ta ɓarke a 1849. Kowane ɓangare sai ya gina tasa, kuma ba ya so ta maƙwabci ta fi ta girma. Ƙauyen da bai fi mutum ɗari biyar ba sai ka tarar da majami'u uku a titi ɗaya, kowacce da bashi a wuya, kuma ko a zamanin da ake ganin sun cika, da yawansu ba su taɓa cika ba. Da manyan ɓangarorin suka sake haɗewa a 1932, sun tashi da mambobi fiye da 800,000 da majami'u wajen 14,000. Zuwa 2019 mambobin ba su kai 200,000 ba, majami'un kuma sun koma wajen 4,000.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Yayin da ake gina waɗannan ɗakuna a Ingila, ɗarikar ta aiko da mutanenta Afirka ta Yamma. Joseph Dunwell ya sauka Cape Coast a 1835, Thomas Birch Freeman ya isa Badagry a 1842. Yau mabiyanta a Gana kaɗai sun fi na Birtaniya yawa, haka ma a Najeriya, kuma wanda ya shiga majami'ar Wesley ta City Road a Landan, wadda aka buɗe a 1778, zai tarar 'yan Afirka ta Yamma suna cikin masu raya ta.

To ina sauran dubban gine-ginen suka tafi? An rushe da yawa. Wasu sun zama sito, ko garejin gyaran mota, ko shagon sayar da darduma. Wasu sun ci gaba da zama wurin ibada a hannun wasu jama'a. Masallacin Brick Lane na gabashin Landan misali ne sananne: Faransawa 'yan gudun hijira suka gina shi coci a 1743, ya zama majami'ar Methodist a 1819, Yahudawa suka karɓe shi a ƙarshen ƙarnin, tun 1976 kuma Musulmi, yawancinsu 'yan asalin Bangladesh, suke salla a ciki. Ta fuskar gini, irin wannan sauyi ya fi kowane sauƙi, domin sabbin masu wurin ma babban ɗaki ɗaya suke buƙata. Amma a ƙauye mai nisa kamar Forest, mai saye ɗaya ne yake zuwa, shi ne mai neman gida.

Rufe majami'a ba abu ne na dare ɗaya ba. Yawanci tsofaffi ne shida ko takwas suka rage, rufi yana yoyo, kuɗin ɗumama ɗaki ya fi ƙarfin baiko. Su za su zauna su nemi izinin daina sujada, maganar ta bi matakan ɗarika. A yi sujadar ƙarshe ta godiya. A kai littattafan baftisma da na aure ma'ajiyar tarihi ta gunduma. A nemi inda za a mayar da allon sunayen samarin ƙauyen da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sannan a sa ginin a kasuwa, sau da yawa ta hanyar gwanjo, kuma dokar ƙungiyoyin agaji ta ɗora wa amintattu nauyin neman farashi mafi kyau. A da akan rubuta sharaɗi a takardar ciniki cewa ba za a sayar da giya ko a yi caca a wurin ba, wasu gidajen har yau da sharaɗin a takardunsu.

Doka tana ba da kariya, amma ba ga kowane gini ba. Tun dokokin tsara gari na 1944 da 1947 Ingila take da rajistar gine-ginen tarihi, yanzu a ƙarƙashin dokar 1990, kuma hukumar Historic England ce take kula da ita. Mataki uku ne, fiye da kashi 90 cikin 100 suna mataki na ƙasa. Ginin da ya shiga rajista, ba a cire masa taga ko a fasa bango, ciki ko waje, sai da izinin ƙaramar hukuma, wanda ya yi gaban kansa kuwa laifi ya aikata. Muddin ana sujada a majami'ar Methodist, ɗarikar ce take tantance gyare-gyarenta da kanta. Ranar da aka daina, wannan rangwame ya ƙare. Matsalar ita ce an daɗe ana raina waɗannan gine-gine. Masanan da suka fara rajistar idonsu yana kan manyan coci-coci da gidajen masu sarauta, ɗakin mahaƙa bai cika musu ido ba. Sai da ƙungiyar SAVE Britain's Heritage ta yi kururuwa a 1980, wani masani mai suna Christopher Stell kuma ya shafe shekaru yana bin majami'un Ingila ɗaya bayan ɗaya yana aunawa yana zanawa, aikin da ya fito a kundi huɗu tsakanin 1986 da 2002. Kafin nan an riga an yi asara mai yawa, kuma har yau ƙananan majami'u da dama ba sa cikin rajista.

Yanzu ga mai gida ya saya, ga magini, ga mai zane. Wahalar farko tsawo ne. Ɗakin ya yi wa hawa ɗaya yawa, hawa biyu kuma da ƙyar. Hanya mafi araha ita ce a shimfiɗa daben bene daga bango zuwa bango, kuma daben nan yakan ratsa ta tsakiyar dogayen tagogi. Daga waje sai ka ga baƙin layi ya yanke kowace taga biyu, rabin sama na ɗakin kwana, yana farawa daga idon sawu, rabin ƙasa na kicin. Daga nan a yanyanka ciki da bangaye, a ɓalle kujeru a sayar wa masu gidajen abinci, a cire mumbari, a tuge tagogin katako a sa na roba masu kauri. Mai wucewa zai ce an ceci majami'a. Ni a ganina an binne ta ne a tsaye, domin abin da ya sa ta zama majami'a, wato sararin nan guda ɗaya, babu shi.

Wahala ta biyu danshi ne, kuma wannan mun san shi. Duk wanda ya ga an yaɓe tsohon ginin tubali da siminti ya san ƙarshen labarin: ruwa ya shiga ta tsaga, ya rasa mafita, bango ya jiƙe daga ciki har yaɓen ya ɓanɓaro da ƙasa a jikinsa. Haka bangon dutsen majami'a yake. Da kwaɓin farar ƙasa aka ɗora shi, mai barin danshi ya fita. Idan aka cike tsakanin duwatsun da siminti, aka liƙe ciki da abin tare sanyi marar numfashi, aka toshe ƙofofin iska, sai kan katakon rufi da ke cikin bango ya fara ruɓewa a ɓoye. Magini mai sanin aiki da farar ƙasa yake gyara, ya fara da rufi da indararo kafin ya taɓa komai a ciki.

Sauran matsalolin kan zo bi da bi. Majami'u da yawa an gina su ne a ɗan filin da aka ba da sadaka, bango a bakin iyaka, babu tsakar gida, babu wurin ajiye mota. Wasu babu famfo, babu makewayi. Idan jemagu sun yi gida a rufi, doka ta kare su tun 1981, sai an yi bincike an sami lasisi kafin a ɗaga rufin. Idan akwai maƙabarta, dokar 1884 da gyaran da aka yi mata a 1981 sun gindaya sharuɗɗan gini a kanta, sau da yawa kuma ana barin hanya domin dangi su riƙa ziyara.

Ebenezer ta yi shekaru a rufe, ruwa ya shiga ya ɓata katakon rufi da yaɓen ciki, ga shi babu ruwan famfo ko magudanar bayan gida. Masu zanen da suka karɓi aikin sun fara da rufi. Da suka zo kan bene, sai suka ɗaga shi sama, suka cusa ɗakunan kwana cikin sararin rufi, suka daidaita silin ɗin ƙasa yadda bai yanke ko taga ɗaya ba. Wanda ya tsaya a kicin yana ganin kowace taga daga gindinta har tsininta, wanda ya tsaya a waje kuma yana ganin ginin kamar yadda mahaƙan suka bar shi. An yi asara duk da haka, babu kujeru, babu tsohon tsawon ɗakin gaba ɗaya. Amma aiki ne na mutanen da suka tsaya suka kalli ginin kafin su taɓa shi, kuma idan aka ba ni zaɓi tsakanin wannan da kango mai ciyawa a rufi, ba zan yi dogon tunani ba.

Ka'idar da masu wannan sana'a suke bi idan suna son ginin mai sauƙin faɗi ce. A bar aƙalla wani sashe na ɗakin a buɗe daga daɓe har rufi. Inda akwai tsohon benen da ya kewaye, shi za a mayar ɗakunan sama. Sabbin bangaye su ja baya daga tagogi, a kuma yi su yadda wani zai iya cire su gobe ba tare da ya raunata tsohon gini ba. Dutsen suna da shekara ya zauna inda yake. Haka duwatsun harsashi da ke jere a gindin bango, masu ɗauke da sunayen waɗanda suka ba da gudummawa, wani lokaci har da jan bulo mai haruffan sunan yaran makarantar Lahadi da suka tara 'yan kuɗinsu. Jikokin mutanen nan suna nan, wasu a Amurka, wasu a Ostareliya, sukan zo neman sunan kakansu.

Abin da ya fi damuna kuwa ba a zanen gini yake ba, yana ga wanda yake kwana a ciki. Ebenezer ba gidan ɗan ƙauye ba ce, masaukin haya ce ga masu zuwa hutu. Majami'ar Newbiggin, wadda aka daɗe ana ɗauka cewa babu ta Methodist da ta kai ta daɗewa ana sujada ba yankewa, an rufe ta a 2017, ita ma ta koma masauki. A yankunan da baƙi suke so, irin wannan ciniki ya tsauwala farashin gidaje har 'ya'yan gari ba sa iya zama a garinsu. A St Ives ta Cornwall abin ya kai mutanen gari suka kaɗa ƙuri'a a 2016, fiye da kashi 80 cikin 100 suka amince kada a sayar da sabon gini sai ga wanda zai zauna a ciki dindindin. Ɗakin da talakawan ƙauye suka gina da kwabonsu, wanda ƙofarsa take buɗe ga kowa, ya dace a fara tunanin 'ya'yan ƙauyen idan za a mayar da shi gida. A wasu wurare ƙungiyoyin samar da gidaje masu sauƙin haya sun karɓi majami'u sun yi haka, kuma ina ganin amintattu da ƙananan hukumomi sun isa su sa wannan ya zama abin da ake fara nema kafin a buga ƙararrawar gwanjo.

Ba kowace majami'a ce ta dace da zama gida ba. Wadda cikinta yake nan cif, da kujeru da bene da mumbari, mayar da ita gida rushewa ce ko da ba a taɓa dutse ɗaya a waje ba. Irin waɗannan kaɗan ne suka rage, su ya kamata a tsayar a nema musu wata hanya. Tsohuwar majami'ar Tolpuddle, ginin ƙasa na 1818 da ya daɗe yana ajiyar kayan gona, wata ƙungiyar amintattu ta saye ta a 2015 ta gyara ta domin jama'a. A kwarin Wear, an daina sujada a High House a 2019. Gidan tarihin da ke cikin tsohon gidan fasto, manne da bangon majami'ar, wanda yake aiki tun 1985, shi ya karɓi ginin, ya shiga neman kuɗin gyaran rufi da bango domin ɗakin ya zauna buɗe da benensa da mumbarinsa.